Da Aƙilu Aliyu Ya Shiga Gasarmu, Da Mun Kore Shi

Ranar Talatar da ta wuce, bayan mun fito daga lakca, na tsaya gaban allon sanarwa na ƙungiyarmu ta ɗalibai ina karanta sharuɗɗan gasar rubutacciyar waƙa ta bana. Sharuɗɗa huɗu ne. Na ɗaya, dole waƙa ta hau ɗaya daga cikin karuruwan aruli. Na biyu, babban amsa-amo ya zama guda tun daga farko har ƙarshe. Na uku, ban da kalmomin aro na zamani. Na huɗu, ban da ɗauko kari daga waƙar baka ko wani kiɗa. A ƙasa an rubuta cewa majalisar ɗalibai za ta zauna mako mai zuwa ta amince da su. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun kafin a buga hatimi, don in an riga an buga, sai dai gunaguni a hostal.

Ba sabon abu ba ne. Bara ma da waɗannan sharuɗɗa aka yi aiki, illa dai ba a rubuta su a takarda ba. Kuma na san wanda suka kayar.

Abokina ne, ɗakinmu ɗaya. Ɗan Wara ne ta ƙaramar hukumar Ngaski, ɗan masunta, yana karanta aikin lantarki. Duk wanda ya fito daga yankinmu ya san abin da ya faru a watan Mayun 2021, lokacin da jirgin ruwa cike da mutane ya nutse a kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawan gaske. Gwaggonsa tana ciki. Shekaru bai taɓa buɗe baki a kan maganar ba. Sai bara ya zauna ya rubuta mata waƙa, baiti talatin da ɗaya. Bai ɗora ta a kan Mutaƙarab ko Kamil ba, don bai san su ba. Ya ɗora ta a kan bugun da ya tashi yana ji: yadda filafili yake shiga ruwa ya fito, a ɗan dakata, ya sake shiga. A cikinta akwai inji, akwai fetur, akwai lodi, akwai wayar da ta yi ta ƙara a gida babu mai ɗauka. Daren da ya rera mana ita a ɗaki, mu biyar ne, ba wanda ya iya cewa uffan bayan ya gama. Wani ma tashi ya yi ya fita waje.

An dawo masa da takardarsa da jan biro: ba ta da kari, kuma akwai Turanci a ciki. Ya ninke ta ya jefa a ƙasan akwati. Ya ce da ni, "Aboki, bar shi kawai. Su sun ka san waƙa, mu kifi mun ka sani." Tun daga ranar bai sake rubuta ko ɗango ɗaya ba.

Ni ba ɗalibin Hausa ba ne, safiyo nake karantawa. Amma na yi Hausa a sakandare a Yelwa, kuma malaminmu ya sa mun sha karatun Fasaha Aƙiliya har bangon littafin ya cire. To da wannan ɗan guzurin nake so in tuna wa kwamiti wani abu: mutumin da suke ɗora hotonsa a jikin takardar gasar, shi kansa da ya kawo wasu waƙoƙinsa, da waɗannan sharuɗɗa sun tare shi a bakin ƙofa.

Alhaji Aƙilu Aliyu namu ne, ɗan jihar nan. A Jega aka haife shi a 1918. Karatun allo da na littattafai ya yi, neman ilimi ya kai shi Kano, daga nan ya wuce Barno ya yi shekaru masu yawa a Maiduguri, daga baya ya dawo Kano, inda ya zauna har rasuwarsa a 1999. Ya yi siyasar NEPU a lokacin da yin ta yake jawo wa mutum wahala. Ya shugabanci ƙungiyar marubuta waƙa ta Hausa Fasaha. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarin waƙoƙinsa a 1977, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tsara.

Me ya bambanta shi? Abu uku na gani.

Na farko, jigo. A wajen mutane da yawa na wancan lokaci, rubutacciyar waƙa ta wa'azi ce da madahu da fiƙihu da tuna lahira. Aƙilu ya yi waɗannan, amma bai tsaya nan ba. Ya yi wa ilimi waƙa, wato Kadaura Babbar Inuwa. Ya yi waƙar sojoji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya yi 'Yar Gagara, inda ya zana mace mai zaman kanta da kalmomin da za ka rantse a tasha ya tsinto su. Ya yi Hausa Mai Ban Haushi, ya zage damtse ya yi wa Hausawan da ke raina harshensu tatas. Wato duk abin da idonsa ya gani a titi, ya isa ya shiga baiti.

Na biyu, harshe. Aƙilu ba ya jin kunyar Hausar kasuwa. Yana wasa da sauti, yana jera kalmomi masu kama da juna har harshenka ya harɗe, yana cusa amsa-amo a cikin baiti ba sai a ƙarshe kaɗai ba. Karin magana, habaici, zambo, kirari, duk kayan aikin makaɗa ne, ya kwaso su ya shigo da su cikin takarda.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar maganarmu, kari. Aƙilu ya san aruli sarai, ya yi waƙoƙi a kansa. Amma manazarta sun daɗe da nuna cewa akwai waƙoƙinsa da bugunsu daga waƙar baka ya fito, ba daga littafin Larabci ba. Kuma shi mutum ne mai rera abinsa da bakinsa. Tsofaffinmu a rediyo suka san shi, da muryarsa, kafin su san akwai littafi.

Kada wani ya ce ai shi kaɗai ne. Kafin shi akwai Aliyu Namangi na Zariya, makaho, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1990. Wace waƙar addini ce ta fi Imfiraji shiga gidajen Hausawa? Har gobe za ka ji ana rera ta a bakin masallaci da cikin kasuwa. To masana sun nuna cewa karinta yana da alaƙa da kiɗan caji, kiɗan nishaɗi na 'yan duniya. Malamin ya ji bugun da ya riga ya kama kunnen jama'a, ya ɗauko shi ya zuba masa yabon Annabi da wa'azi. Ku duba sharaɗi na huɗu da kyau. Da shi za mu yi aiki, Imfiraji ma sai ta tsaya a yi mata tambayoyi.

In muka ƙara komawa baya, shi kansa arulin da muke tutiya da shi baƙo ne. Khalil ɗan Ahmad ne ya tsara shi a Basra a ƙarni na 8, don waƙar Larabci. Malaman jihadi na ƙarni na 19, mutanen Sakkwato da Gwandu, su ne suka yawaita ɗora Hausa a kansa, don saƙo ya isa ga wanda bai ji Larabci ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Hausa don mata su haddace su koyar da 'yan uwansu a ƙauyuka. A zamaninsu wannan shi ne sabon abu. Abin da muke kira gargajiya yau, jiya wani ne ya yi ƙarfin halin fara shi.

To me wannan ƙarfin hali na Aƙilu ya haifar? A ganina, shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin mai alƙalami da mai kalangu. Ƙungiyoyi irin su Hausa Fasaha, da Hikima ta su Mudi Sipikin a Kano, sun tara marubuta waɗanda ba sarakai ba ne ba kuma manyan malamai ba, akwai tela, akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikaci, suna rubutu a kan abin da ke damun gari suna rerawa a rediyo. Littafinsa ya shiga makarantu, dubban yara suka koyi cewa Hausa tana iya ɗaukar wannan irin nauyi da wannan irin wasa a lokaci guda. Yau in ka saurari Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, wanda yake rubuta waƙarsa baiti-baiti sannan ya shiga sutudiyo ya rera da kiɗa, ka saurari irin su Baubawan Burmi, kunnena yana gaya mini cewa wannan hanya ce da aka share masa tun kafin a haife shi. Jeranta kalmomi, amsa-amon ciki, zaƙulo tsohuwar Hausa a yi maganar yau da ita, duk na ji su a wajen ɗan Jega kafin in ji su a waya. Har matasan da ke tsayawa a dandali suna karanta waƙa ba kiɗa, suna ɗora bidiyo a Facebook da TikTok, ko sun sani ko ba su sani ba, a inuwar wannan kadaura suke zaune.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi haka ba. A darasin Turanci na shekarar farko an taɓa kawo mana labarin wani mawaƙin Ingila, Wiliyam Bilek, wanda ya rayu a Landan daga 1757 zuwa 1827, zamanin mawaƙan da ake kira 'yan Romantik, masu fifita abin da zuciya ta gani a kan dokokin da aka gada. Abin da ya kama ni game da shi, mai sana'ar hannu ne irinmu. Shekara bakwai ya yi yana koyon zane a kan farantin tagulla a wajen ubangida. Da ya ga babu mai buga masa waƙoƙinsa yadda yake so, sai ya riƙa zana su da kansa a kan tagulla, ya buga, shi da matarsa su shafa launi da hannu. Mutanen zamaninsa da yawa mahaukaci suka ɗauke shi, ya mutu da talauci. Bayan shekara sittin da shida, a 1893, wani saurayi ɗan ƙasar Ailan mai suna Yets ya haɗa kai da wani abokinsa suka fitar da ayyukansa a mujalladi uku. Wannan Yets ɗin shi ne ya zama ɗaya daga cikin jagororin sabuwar waƙar Turanci ta ƙarni na 20, har ya karɓi kyautar Nobel a 1923, kuma bai ɓoye cewa ya sha daga rijiyar Bilek ba. Wanda aka yi wa dariya ya zama malamin waɗanda ake koyi da su. Bambancin kawai, mu namu Allah ya sa an san darajarsa tun yana da rai. Abin haushin shi ne a ce bayan ya rasu mun mai da sunansa sanda muna dukan masu bin sawunsa.

Yanzu bari in yi wa kwamiti adalci, don na zauna da ɗaya daga cikinsu mun yi magana a wajen mai shayi, kuma ba shirme yake faɗa ba. Ya ce, "Malam, ba ka ga abin da ake kawo mana ba ne. Mutum zai rubuta saƙon WhatsApp, ya yayyanka shi layi-layi, ya ce waƙa ce. In ba mu sa doka ba, da me za mu auna?" Gaskiya ne. Na ga irinsu. Akwai wanda ba ya bin kari don ya wuce shi, akwai wanda ba ya bi don bai ma san akwai shi ba, kuma na biyun sun fi yawa. Aƙilu bai karya doka da jahilci ba, sai da ya san ta ciki da waje. Bilek ma shekara bakwai ya yi yana goge tagulla kafin ya yi abin kansa. Ko a wurin aikinmu haka ne, wanda bai iya saita na'urar awo a kan ƙafafunta ba, ba ya cewa ya ƙirƙiro sabuwar hanyar safiyo.

Amma ku lura, wannan hujja tana neman a ce dole waƙa ta kasance da kari ne. Ba ta ce dole karin ya zama na Basra ba. Waƙar abokina tana da kari, ni shaida ne, don da tafin hannu na bi ta daga baiti na ɗaya har na talatin da ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Matsalar ita ce alƙalan da ido suka duba ta, suka auna ta da ma'aunin da ba nata ba. Kamar ka ɗauki tef ɗin awon fili ka ce za ka gwada nauyin buhun albasa, da ya ƙi ba ka lamba sai ka ce buhun ba shi da nauyi.

Batun kalmomin aro kuwa, wallahi dariya ya ba ni. A makarantar koyon fasaha muke. Da safe muna hannu dumu-dumu cikin waya da siminti da injin walda da kwamfuta, da yamma a ce in za mu yi waƙa sai mu yi kamar a zamanin ayarin fatake muke. Da wace kalma abokina zai kira injin jirgin da ya ɗauki gwaggonsa? Inji sunansa, haka kowa yake faɗa daga Wara har Shanga. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya yi karatu a babbar kwalejin Yaba ta Legas, kuma sunan shahararriyar waƙarsa ma Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, kalmomin siyasar zamaninsa ne. Maƙwabcinmu Salihu Kwantagora littafi guda ya yi mai suna Kimiyya da Fasaha. Kalmar aron da ta zauna a bakin tsohuwa a kasuwar Yauri ta zama Hausa. Abin da ya kamata a hana shi ne gwamutsa Turancin burga, irin wanda Aƙilu ya yi wa ba'a, ba sunan kayan aikinmu ba.

Akwai kuma masu cewa ɗauko kari daga kiɗa zai jawo batsa da shashanci cikin gasar. Na fahimci tsoron. Amma kari mazubi ne, abin da ka zuba shi ne naka. Namangi ya riga ya amsa wannan tun kafin a haifi iyayenmu. A sa doka a kan abin da waƙa take faɗa, ba a kan inda bugunta ya fito ba.

Akwai wani dalili da ya sa abin ya tsaya mini a rai, kuma ya shafi mu 'yan bakin ruwa musamman. Lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da tsibirai, har da tsohuwar Busa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Kakata tana cikinsu, daga gungu aka kwaso su tana budurwa. Ba ta fito da komai ba sai 'yan tukwane da waƙoƙin da ke kanta, na daka, na reno, na tuƙi, na jan taru. Tana yi tana haɗa Hausa da harshen Gungawa. Yau ƙannena ba su iya ko ɗaya ba, injin niƙa ya kashe na daka, injin jirgi yana kashe na tuƙi. Sai lokacin bikin Rigata ake ɗan jin ɓurɓushinsu. Waɗannan bugun ba su cikin kowane littafin aruli. In yaran Yauri da Ngaski da Shanga da suka yi boko ba su ɗauko su sun zuba musu sabuwar magana ba, to wa zai yi? Ɗan Kano ba zai zo ya yi mana ba, bai san su ba. Madatsa ta nutsar da ƙasar, kada mu kuma mu zo da sharaɗi na huɗu mu nutsar da sautin.

Don haka ga abin da nake roƙon majalisa, kuma ba ya bukatar ko sisi daga asusun ƙungiya.

A gyara sharaɗi na ɗaya da na huɗu su koma guda: dole waƙa ta kasance da kari tsayayye, na aruli ne ko na gida, kuma mai waƙar ya rubuta a saman takarda inda ya samo shi. Wanda ya ce Ramal ne, a auna shi da Ramal. Wanda ya ce bugun daka ne ko na tuƙi, a auna shi da wannan.

Kada a yanke hukunci a kan takarda kaɗai. Duk wanda ya tsallake zagayen farko ya zo ya rera da bakinsa a gaban alƙalai. Mai yankan saƙon WhatsApp a baiti na biyu zai tona wa kansa asiri, ba sai an sa masa jan biro ba.

A sassauta maganar amsa-amo, a karɓi na ciki kamar yadda ake karɓar na waje. A bar kalmar aron da ta riga ta zama 'yar gida.

Sannan a cikin alƙalai a sa mutum ɗaya mai kunne, ko da ba shi da digiri. A garin nan akwai tsofaffin da in ka saki kari da rabin gaɓa za su ɗago kai su dube ka.

Wanda yake son aruli kuma ya ci gaba da abinsa, ni ma ina son sa. Ina ma a ce ƙungiya za ta roƙi wani malami ya riƙa koyar da shi ranar Asabar, don wanda zai yi gini ya san tubali iri-iri. Ban ce a rushe ɗakin kaka ba, cewa na yi a bar mu mu yi namu a gefensa.

Ni wata uku ya rage mini in gama difloma in tattara komatsaina. Ba ni da waƙar da zan shigar, ban iya ba. Amma jiya da dare na sa abokina ya buɗe akwatin nan ya ciro takardar. Duk ta yamutse, jan biron yana nan. Na ce masa in majalisa ta gyara sharuɗɗan zai sake kai ta? Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "In za su bari in rera, zan kai."

'Yan majalisa, ku da kuke zama mako mai zuwa, wannan amsar tana hannunku. Sauran ɗalibai kuma, kowa ya san wakilin sashensa. Ku tare shi kafin ranar, ku gaya masa a bar yaron nan ya rera.

Allah ya jiƙan Alhaji Aƙilu da Malam Aliyu Namangi, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a Wara, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe.

Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe, Sashen Safiyo, ɗan Yelwan Yauri.